Amsa ga 'yar uwar da ta tambaya ko lokacin kai ƙarar terapis ɗinta ya wuce

Salam 'yar uwa, sannu, Allah Ya ba ki lafiya Ya saka miki. Na karanta abin da kika rubuta sau biyu kafin na iya amsawa. Kin ce shekara huɗu kenan da terapis ɗin da kike gani a nan Ingila, wato mai kula da masu damuwa ta hanyar zama ana tattaunawa, ya ci amanarki ya wuce gona da iri, kuma wata ƙawarki ta ce miki ai an gama, shekara uku ce doka ta bayar. Ni ba lauya ba ce, amma na bi wannan hanyar da ƙafata, to bari in faɗa miki abin da na gani.

Ƙawar taki ba ƙarya ta yi ba, rabin maganar dai ta sani. A Ingila da Wales dokar wa'adin shigar da ƙara ta 1980 ta ba da shekara uku ga duk ƙarar neman diyya kan rauni, kuma raunin ƙwaƙwalwa yana ciki. Shekara ukun tana farawa ne daga ranar da abin ya faru, ko daga ranar da kika san kin samu rauni babba kuma kika san daga abin da shi ya yi ne. In kuma mutum bai kai 18 ba lokacin, agogon baya fara tafiya sai ya cika 18, wato yana da har zuwa 21. Haka wanda rashin lafiya ya kai shi ga ba zai iya tafiyar da shari'a da kansa ba, shi ma agogonsa a tsaye yake, sai dai kar ki dogara da wannan, ciwon damuwa kawai ko tsoro bai isa ba, lauyata ta faɗa min wannan ba ɓoye-ɓoye.

Nawa ya fara ne bayan rabuwar aurena. GP, wato likitan unguwa, ya sa ni a layin NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, layin ya yi tsawo, sai na nemi wani da kuɗina. Wata shidan farko wallahi mutumin ya taimake ni, kuma abin da ya sa na daɗe ban gane ba kenan. Daga nan sai saƙon tes cikin dare, wai yana duba ni ne, sai ya mayar da lokacina ƙarshen yini bayan kowa ya tashi, sai runguma a bakin ƙofa, sai abin da ba zan rubuta a nan ba. Na daina zuwa na yi shiru sama da shekara biyu. Kin san mu, ki ce kin je gun namiji bature kina faɗa masa sirrin gidanki, tambayar farko da za a miki ita ce me ya kai ki. Ko yayata ban iya faɗa wa ba.

Kuskuren da na yi, wanda saboda shi na zauna nake wannan dogon rubutun, shi ne da na samu ƙarfin magana sai na rubuta koke zuwa ƙungiyar da yake da rajista da ita, na zauna ina jira hankalina kwance, a tunanina ai na kai ƙara. Ashe koke daban, ƙarar kotu daban. Koke baya tsayar da agogon shekara uku, zuwa gun 'yan sanda baya tsayar da shi, kai ko wasiƙar lauya bata tsayar da shi. Abin da ke tsayar da shi sai an shigar da takardar ƙara a kotu, ko kuma ɓangarorin biyu su sa hannu a yarjejeniyar dakatar da wa'adi. Ranar da na shiga ofishin lauya saura min sati bakwai. Matar ta kalli kwanakin ta ɗago ta kalle ni, har yau ina tuna fuskarta. Yarjejeniyar dakatarwar ce ta cece ni, ta samo ta daga lauyoyin inshorarsa, daga baya aka sasanta ba mu kai gaban alƙali ba.

To ke da kika haura ukun fa? Akwai sashe na 33 na dokar wa'adin ta 1980, wanda ya ba alƙali ikon ya ɗage wa'adin in ya ga adalci ya buƙaci haka. Da can ba haka ba ne ga wanda aka ci zarafinsa da gangan, tun hukuncin 1993 shekara shida ce ƙam, ba ƙari ko kwana ɗaya. Abin da ya canza shi shari'ar wata malamar makaranta ce da ta yi ritaya a Leeds, wani mutum mai suna Hoare ya kai mata hari a 1988, aka ɗaure shi, ba ta nemi diyya ba don ba shi da ko sisi. Sai a 2004 yana fitar yini daga kurkuku ya ci cacar lotiri ta fam miliyan 7. Ta kai ƙara aka ce ta makara, ta yi ta ɗaukaka har zauren Lodawa, kotun ƙoli ta ƙasar a lokacin, a 2008 suka juya tsohon hukuncin, suka ce irin waɗannan ƙararrakin ma suna ƙarƙashin shekara uku da ikon alƙali na ɗagewa. Shekara goma sha shida tsakani kuma aka bar ƙararta ta ci gaba. Taki shekara ɗaya ce ta haura.

Amma kar in yaudare ki, ba haƙƙi ba ne da za ki je ki karɓa, roƙo ne, kuma ke ce za ki gamsar da alƙali. Zai duba tsawon jinkirin da dalilinsa, zai duba ko har yanzu akwai hujjojin da za a yi shari'a ta adalci da su, da yadda shi mutumin ya yi bayan abin ya faru, sannan abin da ya fi shafarki yau, zai duba saurin da kika yi daga lokacin da kika san kina da ƙara. Ma'ana shirun shekara huɗu ana iya bayaninsa da rahoton likitan ƙwaƙwalwa, kunya, tsoro, yadda irin waɗannan mutanen ke sa ki ji kamar ke ce mai laifi ko kamar soyayya ce. Amma wata shida da za ki ƙara daga yau, bayan kin riga kin fara tambaya, shi ne mai wuyar bayani. Shi ya sa ban yarda da masu ce miki ki jira sai kin ji kin shirya ba, niyyarsu mai kyau ce amma ba su san kan abin ba. Ganin lauya ba shiga kotu ba ne, za ki iya jin matsayinki ki koma gida ki yi tunani.

Sauran agogunan kowanne da tafiyarsa. Ɓangaren 'yan sanda manyan laifukan fyaɗe da cin zarafi ba su da wa'adi a Ingila, ko bayan shekara talatin ana karɓa. Kuma dokar laifukan jima'i ta 2003 tana da sashe kan masu kula da mai larurar ƙwaƙwalwa, inda cewa ai ta yarda ba kariya ba ce, ki tambayi lauya ko naki ya faɗa ciki. Hukumar CICA da ke biyan diyya daga gwamnati shekara biyu take bayarwa kuma sai an kai rahoto gun 'yan sanda, tana ɗagawa amma sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Koken NHS wata 12 ne. Ki kuma binciki shi waye a takarda, don a ƙasar nan kowa zai iya kafa allo ya kira kansa terapis, sunan ba shi da kariyar doka. In likitan ƙwaƙwalwa ne yana ƙarƙashin hukumar likitoci ta GMC, in saikolojis ne hukumar rajistar ma'aikatan lafiya ta HCPC, sauran kuwa rajista da ƙungiyoyin masu wannan aiki, BACP ko UKCP, ta ganin dama ce. Wannan ya shafi ko yana da inshora, kuma inshora kan yi gardama in abu na ganganci ne, nawa ma sai da aka ja.

In kuma lokacin kina ƙasa da 18 ne to ki faɗa wa lauya tun a jimlar farko, Sikotland ta cire wa'adin shekara ukun kan cin zarafin yara tun 2017, nan ma gwamnati ta sanar a Fabrairun 2025 cewa za ta cire na cin zarafin yara ta hanyar jima'i.

Kafin ki je, kar ki goge komai a wayarki, ko saƙon da ke sa ki jin kunya, musamman ma shi. Ni na goge rabin nawa cikin fushi na yi da-na-sani. Ki ɗauki hoton saƙonnin ki tura wa kanki ta imel, ki fito da bayanan banki da ke nuna ranakun da kika biya shi, su ne suka tabbatar da ranar zuwana na ƙarshe. Ki nemi fayil ɗinki na GP, doka ta ba su wata ɗaya su ba ki kuma kyauta ne. Ki rubuta abin da kika tuna da kwanan wata, da wanda kika fara faɗa wa da yaushe. Shi kuma kar ki kira shi, kar ki masa tes, kar ki sa sunansa a Facebook.

Ki nemi lauyan da aikinsa kenan, ƙarar cin zarafi, ba wanda ya miki takardun zama ba. Da yawansu ganin farko kyauta ne kuma suna aiki kan in ba a ci ba babu biya, amma ki tambayi kason da za su cira in an ci kafin ki sa hannu. In na farko ya ce ba zai ɗauka ba ki gwada na biyu, ni ta biyun ce ta karɓe ni. In kina son wanda zai zauna kusa da ke lokacin da za ki buga wayar, ki min magana ta inbos, ranar Laraba da Asabar bana aiki.