Yaya kwamfuta ke "kiwo" don gano ƙwayoyin gadon da ke da hannu ga cuta?

Tambaya: Malam ni ɗaliba ce a Danfodiyo, an ba ni aikin furojet kan jenetik algoridim da bayanan ƙwayoyin gado, wallahi har yanzu ban gane haɗinsu ba.

Amsa: To ƙanwata, matsalar ita ce yawa. Mutum na da ƙwayoyin gado wajen 20,000, kowace akwai gwargwadon yadda take aiki cikin tantani (ƙananan ɗakunan da sunka haɗu sunka yi jiki), wata ta farka wata tana kwana, kuma ana auna wannan da inji. Ɗauki bayanan da Todd Golub da abokan aikinshi sunka fitar a 1999 a Amurka, marasa lafiya 72 masu sankarar jini iri biyu, amma kowanensu an auna mishi ƙwayoyi sama da 6,000. Waɗanne ne cikinsu ke raba iri biyun? In kin ce za ki gwada duk haɗin da zai yiwu, kwamfutarki sai ta tsufa ba ta gama ba.

Nan ne jenetik algoridim, dabarar da masanin kwamfuta John Holland ya shimfiɗa a 1975, ke shigowa, kuma ni kullum da makiyayi nike kwatanta ta. Kwamfuta za ta tara garke, a ce 100, kowace "akuya" zaɓi ne na ƙwayoyi 20 ko 30 da anka ɗebo da ka. Sai a duba kowace, nawa ta raba marasa lafiyan daidai, kamar yadda dillali a kasuwar Kara ke buɗe bakin dabba shina duba haƙori. Masu kyau a bar su su yi barbara, a yanko rabin wannan a haɗa da rabin waccan, ragowar a fidda. Lokaci-lokaci kuma a canza ƙwaya ɗaya haka kawai, don in babu wannan canjin, garken duk zai koma iri guda ya tsaya cik. Haka za a yi ta juyawa ɗaruruwan zagaye.

Amma ga inda nike jin tsoro ma ɗalibai. Marasa lafiya kaɗan, ƙwayoyi dubbai, dole kwamfuta ta samo haɗin da zai ba ki 100 bisa 100 ko da dace ne kawai, haddar amsa ta yi ba ganewa ba. Don Allah tun farko ki ware wasu marasa lafiyan ki ɓoye, kada algoridim ɗin ya gansu ko wajen zaɓen ƙwayoyi, sai ƙarshe. Su Golub ma haka sunka yi, 38 na koyo, 34 na gwaji. Kuma ki maimaita aikin kamar sau 20, ki rubuta ƙwayoyin da ke ta dawowa, su za ki kai ma sufabaizanki.