Tambaya da Amsa: Ƙauyen masunta da gadon sarautar Ingila

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wai da gaske ne wani ɗan ƙauyen masunta a Faransa shi ya haddasa yaƙin basasa a Ingila? A majalisa na ji ana faɗa, na ce sai na tambaye ka. Daga mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ya ba ku labarin ya ɗan ƙara gishiri, amma da ƙamshin gaskiya. Barfleur ake nufi, a yankin Normandi, arewacin Faransa, gabas da birnin Cherbourg, bakin tekun da ya raba su da Ingila. Yau mutanensa ba su kai 600 ba, gidajen dutse ne kewaye da 'yar tashar jirage, in ruwa ya janye sai ka ga jiragen masunta zaune ɗaram kan laka. Amma da can, zamanin da sarki ɗaya ke riƙe da Normandi da Ingila, ta nan manya ke tsallakawa.

Matsalar wurin ita ce ruwansa, ga duwatsu a ɓoye ga igiya mai ja da ƙarfi. To a daren 25 ga Nuwamba 1120 wani jirgi da ake kira Farin Jirgi ya tashi ɗauke da William, magajin Sarki Henry na 1 na Ingila, matuƙan sun sha giya sun yi tatul kuma wai so suke su cimma jirgin sarki da ya riga su fita, ko nisa ba su yi ba suka daki dutse. Mutum wajen 300 suka halaka, wani mahauci ɗan birnin Rouen kaɗai ya tsira. Abin tausayi, an riga an fitar da yariman a kwale-kwale, ya juya ya ɗauko 'yar'uwarsa, jama'a suka yi masa ca, kwale-kwalen ya kife da su.

Henry ba shi da wani ɗa namiji na aure, sai ya sa aka yi wa 'yarsa Matilda mubaya'a. Yana mutuwa a 1135 ɗan 'yar'uwarsa Stephen ya ɗare kujera, shi da ya sauka daga jirgin nan kafin ya tashi fa, aka yi ta gwabza yaƙin basasa tsakaninsa da Matilda har 1153. Ni dai laifin matuƙa nake gani, ba na ƙauye ba.

Garin kuwa sojojin Edward na 3 na Ingila suka ƙone shi a 1346, bai sake komawa kamar da ba. Yanzu hasumiyar fitila ta Gatteville ke gargaɗin jirage a wurin, tsayinta kusan mita 75, matakalarta 365.