Shin doka na iya hana ƙungiyar ƙwallo ƙaura zuwa wani birni?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mai ƙungiya na iya kwashe ta ya bar gari yadda ya ga dama. A Amurka, takunkumin farko yarjejeniyar hayar filin wasa ce, sai amincewar sauran masu ƙungiyoyi. A gasar NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka (American football), sai masu ƙungiyoyi 24 cikin 32 sun yarda. Amma wannan ma ba shi da ƙarfi sosai: Al Davis, mai ƙungiyar Raiders a lokacin, ya kai NFL kotu bisa dokar hana babakere, ya yi nasara, ya mayar da ƙungiyar daga Oakland zuwa Los Angeles a 1982.

Dokar da ta fi burge ni ita ce ta jihar Ohio. Bayan Art Modell, wani mai ƙungiya a NFL, ya tafi da ƙungiyarsa daga Cleveland zuwa Baltimore, a 1996 jihar ta ce duk ƙungiyar da ke wasa a filin da aka gina da kuɗin haraji, sai ta ba da sanarwar wata shida kafin ta ƙaura, ta kuma ba 'yan gari damar saye. Da wannan dokar aka shigar da ƙara a 2018, lokacin da ake shirin kai Columbus Crew, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta jihar Ohio, birnin Austin na jihar Texas, kuma ƙungiyar ta zauna.