Kafin ku sayi makirufo: amsoshi ga masu koyon rediyo da fodkas

Wasiƙun wannan makon galibi daga ɗaliban sashen koyon aikin jarida suka fito, da alama lokacin haɗa shirin ƙarshen zango ya matso. Na ɗauki waɗanda amsarsu za ta amfani mutum fiye da ɗaya.

Tambaya: Baba, ina aji biyu a jami'a. An ce kowa ya kawo shirin rediyo na minti goma. Ba ni da komai sai wayata, alhali wasu 'yan ajinmu har rikoda suke da ita. Ga muryata siririya, in na saurare ta kunya nake ji. In ci bashi in sayi makirufo ne? (Ɗaliba, Zariya)

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, kuma kada ki ci bashin ko sisi. Babu wanda ya taɓa jin muryarsa a rikoda karon farko ya ji daɗinta. In kina magana, sautin yana bi ta ƙashin kanki ya isa kunne, shi ya sa kike jin ta da kauri. Wadda ke fitowa daga waya ita ce mutane suka saba ji tun kina ƙarama, kuma ba su guje ki ba. Malaminki ba kaurin murya zai duba ba, zai duba ko ana fahimtar abin da kike faɗa, da ko shirin yana da kai da gindi.

Wayarki ta isa wannan aikin. Ki shiga ɗaki mai katifa da labule da darduma, domin su ne ke shanye amsa-kuwwa, ki guji aji ko falo mai tayil. Ki kashe fanka ko da za ki yi gumi. Ki rufe layin waya don kada kira ya shigo ya yanke miki ɗauka. Ki riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga bakinki, ki ɗan karkatar da ita gefe don kada iskar "f" da "b" ta riƙa bugun ta. Bayan sallar asuba ya fi, kafin babura da janareto su farka. Sannan ki rubuta abin da za ki faɗa da gajerun jimloli, ki karanta da ƙarfi. Duk inda numfashinki ya ƙare kafin jimla ta ƙare, jimlar ce ta yi tsawo, ki raba ta. Allah Ya ba da sa'a.

Tambaya: Malam, Hajiyarmu ta ba ni naira 200,000 daga kuɗin adashinta don in fara fodkas, wato shirin murya da ake ɗorawa a intanet. Na ga wani a Instagram yana sayar da makirufo Shure SM58 sabo fil a kwali a kan kuɗi kaɗan, zai haɗa mini da wani makirufon BM-800 da ɗan akwatin sauti na V8 da memori mai gig 128. Ya ce in tura kuɗi yau don saura biyu. Me ka gani? (Ɗalibi, Kano)

Amsa: Abin da na gani shi ne kuɗin adashin mahaifiyarka na shirin tafiya, kuma ba za su dawo ba. Kada ka tura. A nan zan ɗan daɗe, domin wannan ce wasiƙar da ta fi yi mini ciwo a cikinsu.

SM58 makirufo ne da ake ƙerawa tun 1966, kuma yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu a duniya. A Amurka, inda kamfaninsa yake, kuɗinsa ya kai kusan dala 100. Ka ɗauki canjin yau ka lissafa, ka ɗora kuɗin jirgi da na kwastan da ribar mai shago. In wani ya ce zai ba ka shi a kan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan lissafin, to wa ya biya ragowar? Masu jabu sun ƙware a kwali da tambari da 'yar jakar ajiya, har takardar garanti suna sakawa. Abin da ba su kashe wa kuɗi ba shi ne ɗan ƙoƙon da ke cikin kan makirufon, wanda shi ne ke ɗaukar sauti. Shi ya sa za ka ji murya ta fito kamar daga cikin gwangwani, in ka motsa yatsa a jikinsa ƙarar ta shiga, bayan 'yan makonni kuma wayar ciki ta tsinke.

Memorin ma ya fi tsorata ni. Na jabu yakan nuna wa waya ko rikoda cewa gig 128 ne, alhali ainihin cikinsa bai wuce takwas ba. Ba za ka gane ba sai ranar da ka je ƙauye ka yi hira ta awa guda da dattijon da ka sha wuya kafin ya yarda, ka dawo ka buɗe, ka tarar fayil ɗin ya lalace ko ya hau kan na jiya. Makirufo in ya ɓaci a sake saye, amma wannan hirar ba lalle ka sake samunta ba. Duk memorin da ka saya, ka gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw, kyauta ce, takan cika shi ta karanta ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Ka yi haka kafin ka ɗora masa aiki.

BM-800 da V8 kuwa, ko da ba jabu ba ne, ba su dace da kai ba. Makirufo iri biyu ne aka fi amfani da su a wannan sana'a. Akwai kwandensa, irin BM-800, mai kunnen jin komai: kukan akuya, janareton maƙwabci, takun silifas a tsakar gida. Wannan na situdiyo ne mai bangon da aka lulluɓe, kuma masu kyau daga cikinsu sai an ba su wuta ta bolt 48 daga mikisa, wato na'urar haɗa sauti. Akwai kuma dainamik, wanda ya fi kama abin da ke daf da bakinsa ya rage na nesa. Ɗan hostal ko mai ɗakin haya a unguwa dainamik yake bukata. Akwatin V8 an yi shi ne don masu waƙa da raha kai tsaye a waya, cike yake da maɓallan tafi da dariya da amsa-kuwwa, ga shi yakan saka wani "sssss" a ƙarƙashin murya wanda tacewa ba ta fitar da shi duka.

In ka dage sai ka saya, ka nemi dainamik mai shiga kwamfuta kai tsaye ta USB, irin Samson Q2U ko Audio-Technica ATR2100x, sai hedifon mai rufe kunne. Ka je shago da ƙafarka, ko a titin Beirut ne ko Sabon Gari, da laftof ɗinka a hannu. Ka jona, ka yi magana ta gabansa, ta gefe, ta baya. Na ƙwarai zai rage muryarka sosai in ka koma bayansa. Ka girgiza wayar makirufon ka ji ko tana ƙaras-ƙaras. Ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan kayan da yarjejeniyar dawowa da shi in ya ba da matsala. Mai shagon da ya hana ka gwadawa, ka yi masa sallama ka wuce gaba. Gwanjo mai kyau da ka gwada ya fi sabo a kwali da ba ka buɗe ba. Shi kuwa "saura biyu, tura yau" tsohuwar dabara ce ta hana mutum tunani.

Amma shawarata ta gaskiya, ɗana, ita ce ka mayar wa Hajiya kuɗin ta ajiye maka. Ka haɗa shiri biyar da waya tukuna. Da yawa sukan sayi kaya su yi fitowa biyu su gaji, kayan su kwanta a ƙarƙashin gado. In ka kai na biyar kana da sauran abin faɗa, ka dawo mu yi maganar saye.

Tambaya: Wane makirufo ne zai sa muryata ta zama irin ta ma'aikatan BBC Hausa? (Matashi, Gombe)

Amsa: Babu shi, kuma duk wanda ya ce maka akwai kuɗinka yake so. Sashen nan tun 1957 yake watsa shiri, abin da kake ji horo ne da karatu da maimaici. Je ka karanta labari da ƙarfi kullum, ka ɗauka, ka saurara, ka gyara.

Tambaya: Malam, yarona ya nace sai karatun rediyo. Ni ɗan kasuwa ne, ban san yadda ake zaɓar makaranta a wannan fannin ba, kuma ina tsoron a yi asarar shekara huɗu. (Wani uba, Gusau)

Amsa: Alhaji, tsoronka a kan hanya yake, kuma Allah Ya saka da alheri da ka tambaya maimakon ka hana shi. Tun 2020 hukumar jami'o'i ta NUC ta ba da damar raba tsohon kwas ɗin aikin jarida zuwa fannoni daban-daban, cikinsu har da na watsa shirye-shirye, amma ba kowace jami'a ce ta raba ba, don haka ku duba kundin JAMB na shekarar da kyau. Abin da za ku fi bincika shi ne ko makarantar na da gidan rediyonta. Jami'ar Bayero na da BUK FM, Jami'ar Ahmadu Bello ma na da nata a Samaru. Sai dai samun tasha daban, barin ɗalibi ya taɓa mikisa daban. Ku sami ɗan aji uku ko huɗu ku tambaye shi sau nawa ya zauna gaban makirufo, kuma ina ake tura su aikin sanin makama. Kada ka saya masa kayan situdiyo a shekarar farko ko da ya roƙa. In akwai hali, laftof mai batir mai riƙe caji ya fi masa amfani. Kuma ka sani albashin farko a gidajen rediyo da yawa ba shi da kauri, gara ya koyi tace sauti da haɗa talla, su ne ke kawo ɗan abin kashewa a gefe.

Tambaya: A kasuwar waya an ce za a saka mini manhajar tace sauti ta Adobe Audition a kan kuɗi kaɗan. In karɓa? (Ɗalibi, Katsina)

Amsa: A'a. Audition biyan kuɗi ake yi wata-wata, wanda za a saka maka na sata ne, kuma irinsa kan shigo da ƙwayar cuta ta cinye maka aikin zango. Sauke Audacity daga shafinsu, kyauta ce, tana yanka tana haɗawa tana rage hayaniya. Audition ka koye shi a situdiyon makaranta, tunda gidajen rediyo da dama da shi suke aiki.

Tambaya: Baba, mun gama shirinmu na farko ni da ƙawata. Za mu iya buɗe shi da waƙar wani mawaƙi da muke so? Kuma ina za mu ɗora shi? (Ɗalibai biyu, Maraɗi)

Amsa: Barkanku, 'ya'yana, kun wuce inda mutane da yawa ke tsayawa. Waƙar mutum haƙƙinsa ce, a Nijar ko a Najeriya, kuma shafukan da ake ɗora fodkas sukan sauke shirin da aka saka waƙa ba izini. Ku nemi izininsa a rubuce, ko ku sami ɗalibi mai kiɗa ya yi muku na daƙiƙa goma naku na kanku. Haka duk wanda kuka yi hira da shi, ku gaya masa a intanet za a saka, ya amince da bakinsa a cikin ɗaukar.

Wajen ɗorawa kada ku biya kowa tukuna, shafin ɗora fodkas na Spotify for Creators kyauta ne. Amma ku tuna masu sauraronku da datarsu suke ji. Ku ajiye asalin ɗaukar a WAV, tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti, wanda na rabin awa kan kai megabait 300, sannan ku fitar da na rabawa a MP3 mai layin sauti ɗaya (mono), ku saita ingancinsa a kan 64 kbps, zai tsaya wajen megabait 15. Wannan shi ne zai iya yawo a WhatsApp har ya isa ga wanda ke ƙauye.