Maganin kumburi zai iya maye gurbin maganin ciwon damuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita ya ce ina da ciwon damuwa, ya ɗora ni a kan fluoxetine, yau mako uku ban ga wani sauyi ba. Wata ƙawata ta ce ta ji wai kumburi a cikin jiki ne ke kawo wannan ciwon, don haka in sayi ibuprofen ko diclofenac a kemis, ga arha ga sauƙin samu. In bar wancan in koma wannan? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Don Allah kada ki bar maganin likita, kuma kada ki sayi waɗannan ƙwayoyin da niyyar maganin damuwa.

Maganar ƙawarki ba daga sama ta faɗo ba. Likitoci sun daɗe da lura cewa masu ciwon hanta nau'in C da a da ake yi wa allurar interferon, wadda ke zaburar da garkuwar jiki, da yawansu kan faɗa cikin damuwa mai tsanani alhali da lafiyarsu ƙalau ta wannan fannin. Haka kuma idan aka auna jinin masu ciwon damuwa, kusan ɗaya cikin huɗu akan tarar sinadarin CRP ya hau, wato alamar kumburi na ɓoye wanda ido ba ya gani. Sauran ukun fa? Jininsu bai nuna haka ba, kuma ke ba ki san rukunin da kike ba.

Da aka zo gwada magani, sakamakon bai kai yadda aka yi fata ba. A 2013 masu bincike a Jami'ar Emory da ke Atlanta a Amurka sun fitar da sakamakon gwada infliximab, magani mai ƙarfi na kashe kumburi, a kan mutum 60 da ciwonsu ya ƙi jin magani. A dunƙule bai fi ruwan da babu magani a ciki ba. Waɗanda CRP ɗinsu ya yi sama sosai tun farko ne kawai suka nuna alamar samun sauƙi. A 2020 kuma aka fitar da sakamakon wani babban gwaji na tsofaffi kusan 19,000 a Ostireliya da Amurka, inda aka ga shan aspirin kaɗan kullum, wanda shi ma maganin kumburi ne, bai hana su kamuwa da damuwa ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne haɗin. Ibuprofen da diclofenac suna cin bangon ciki, suna kawo olsa, suna gajiyar da ƙoda idan aka daɗe ana sha. Shi kuma fluoxetine yana rage wa jini saurin daskarewa. Idan aka haɗa su, haɗarin zubar jini a ciki yana ƙaruwa. Idan ciwon kai ko ciwon jiki ya kama ki, paracetamol ya fi dacewa da ke. Ki guji dexamethasone ma, wanda wasu matanmu ke sha don ƙiba. Shi ma yana kashe kumburi, amma yana iya hana barci ya rikita tunani.

Mako uku ya yi kaɗan a yanke hukunci. Irin wannan maganin yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ji daɗinsa sosai. Kuɗin da za ki kai kemis, ki yi kuɗin mota da shi ki koma wurin likitanki. Idan kina da ciwon suga, ciwon gaɓoɓi ko ƙiba mai yawa, ki faɗa masa, ki tambaye shi ko gwajin CRP zai yi amfani a kanki. Idan lokacin ya wuce babu sauƙi, shi zai ƙara adadin ko ya canja miki wani.

In kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zuwa miki, kada ki jira ranar ganin likita. Ki faɗa wa wani na kusa da ke a yau, ya raka ki asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa, Kaduna.