Hukuncin rainon kare ɗan ruwa biyu da kerkeci a gidan iyali

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina zaune a Tumfure cikin garin Gombe da iyalina, akwai yara ƙanana. Wani ya tallata mini ɗan kwikwiyo a WhatsApp, ya ce ubansa kerkeci ne irin na ƙasashen sanyi, uwarsa kuma karya ce. Ya ce in ya tashi tare da yarana zai saba da su, ya kuma yi mana gadi. Na ji ana cewa a mazhabar Imamu Malik kare ba najasa ba ne. Ya halatta in saya?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, bai halatta ka saye shi ba, bai kuma halatta ka shigar da shi cikin iyalinka ba.

Abin da ka ji gaskiya ne. A wurin Malikiyya duk dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har yawunta da guminta, wanke ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki sau 7 kuwa ibada ce kawai, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shehu Khalil. Shafi'iyya su suna ganin najasa ne, shi da duk abin da aka haifa tsakaninsa da wata dabba. Sai dai tsarki babi ne daban, ajiyewa a gida babi ne daban, kuma a nan mutane da yawa suke zamewa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya riƙi kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa kiraɗi ɗaya, wato wani kaso, na ladansa kullum, a ruwayar Ibnu Umar kiraɗi biyu. Sun kuma ruwaito cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare. Risala, wadda ɗalibai ke biyawa a zaurukanmu, ta ce ba a ajiye kare a gidajen birni ko na ƙauye sai don gona, ko dabbobin da yake bi daji, ko farautar neman abinci, ban da ta nishaɗi. Abokin wasan yara ba ya cikin waɗannan.

Saura maganar gadi, kuma tana da ƙarfi a zamanin nan. Malamai da dama sun yi kiyasin tsaron gida a kan tsaron gona. Masu sharhin Risala sun hakaito cewa shi kansa mai Risalar, Ibnu Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya ajiye kare a gidansa saboda tsoro, da aka tuna masa matsayin Malik ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Ba na musun wannan rangwame. Amma rangwamen yana rataye ne da buƙata, wannan dabba kuwa ba ta biyan buƙatar. Kerkeci gudun mutum yake yi, haushinsa kaɗan ne, 'ya'yansa na ruwa biyu sukan gaji wannan hali: baƙo ya shigo su nemi lungu, in an ƙure su su kai cizo. Mai tallan nan ko dai bai san hajarsa ba, ko karen ƙasar sanyi ne kawai mai kama da kerkeci yake son ya sayar maka da tsada, wanda hakan algus ne.

Babban dalilina shi ne cutarwa. A cikin Muwaɗɗa, da Malik yake fassara kare mai cizo da aka yarda a kashe ko da a cikin harami, ya ce duk abin da ke cizon mutane, yana kai musu hari, yana tsoratar da su, ya ambaci zaki da damisa da kerkeci da sunansu. Sabon da ake yi maka alkawari na ƙuruciya ne. Irin wannan dabba takan yi laushi tana ƙarama, idan ta balaga wajen shekara 2 zuwa 3 sai ɗabi'arta ta juya, hali kuwa zanen dutse ne. Yaro ya ruga da gudu, ko ya faɗi yana tsala kuka, wannan kaɗai ya isa ya motsa mata sha'awar farauta. Tana haƙa ƙarƙashin katanga, tana haurawa ta sama, ga awaki da kajin maƙwabta. A Ingila dokar dabbobi masu haɗari ta 1976 ta sa sai da lasisi ake riƙe ɗan kerkeci ko jikansa. A Amurka babu allurar rigakafin haukan kare da hukuma ta amince da ita don ruwa biyu. A tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya, inda aka haɗa wani irin ruwa biyun a 1955 don aikin sojan kan iyaka, sai 1982 aka karɓe shi a matsayin nau'in kare, bayan an daɗe ana tacewa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce ba cuta ba cutarwa, kuma yaran nan amana ce da za a tambaye ka a kanta. Ka kuma sani a mazhaba wanda ya ajiye kare inda ba a yi masa izini ba, alhali ya san yana cizo, ramuwar ɓarnarsa tana wuyansa.

Ita ma dabbar tana da haƙƙi. An halicce ta da gashin dusar ƙanƙara da ƙafar tafiya mai nisa, za ka kulle ta a tsakar gidan siminti cikin zafin Gombe na watan Afrilu.

In tsoron ɓarayi ne ya dame ka da gaske, nemi karen gida irin namu, ka yi masa wuri a waje da ɗakuna, ka ciyar da shi, likitan dabbobi ya riƙa yi masa rigakafi. Ya fi kyau ka same shi kyauta, domin hadisin Abu Mas'ud ya hana kuɗin kare, mashhurin mazhaba ma hani ne, ko da yake Sahnun ya halatta sayar da wanda aka yi izinin riƙewa. In kuma ka riga ka karɓi wancan kwikwiyon, mayar wa mai shi. Idan ya ƙi, kada ka sake shi a unguwa, kada ka bar shi da yunwa, ka tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ka nemi likitocin dabbobi na gwamnati su nuna maka inda za a killace shi.

Wallahu a'alam.