Shin Wanda Ya Warke Daga Ebola Yana Iya Sake Yaɗa Ta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Na ji an ce Ebola kan dawo wa mutum bayan ya warke, har ta tayar da sabuwar annoba. In haka ne, ashe bai kamata a keɓe waɗanda suka warke ba? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da kika ji yana da tushe, amma ban yarda da maganar keɓewa ba.

Bayan ƙwayar cutar ta ɓace daga jini, takan laɓe a wuraren da garkuwar jiki ba ta cika isa ba, wato maraina, cikin ido, ƙwaƙwalwa da laka, kuma akan same ta a nonon uwa. Pauline Cafferkey, ma'aikaciyar jinya daga Birtaniya da ta kamu a Saliyo, ta kwanta da sanƙarau a 2015, kimanin wata tara bayan an sallame ta, kuma ƙwayar Ebola ce sanadi. Abin da ya fi girgiza masana shi ne ɓarkewar cutar a ƙasar Gini a 2021, domin da aka binciki ƙwayar sai aka ga kusan ita ce ta annobar 2014 zuwa 2016, alamar ta shekara biyar ko fiye a ɓoye a jikin wani.

Sai dai ki lura, dubban mutane ne suka tsira daga annobar 2014 zuwa 2016, kuma ƙalilan ne ƙwarai irin wannan ya samu. Gaisawa, cin abinci tare ko zama gida ɗaya da wanda ya warke kuma yake lafiya lau ba sa yaɗa cutar. Babbar kafar ita ce maniyyi, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba mazan da suka warke shawarar su riƙa amfani da kwaroron roba har sai an gwada maniyyinsu sau biyu ba a ga ƙwayar ba, ko kuma tsawon wata 12 idan gwajin bai samu ba.

Tsangwama ce ta fi damuna, domin mutumin da aka ƙyamata ba zai kai kansa asibiti ba idan zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani ko ciwon ido ya taso masa, alhali a lokacin ne ake son a gwada shi da gaggawa. Idan gwaji ya nuna cutar ta dawo, sai a ware shi don jinya, a yi wa waɗanda suka yi hulɗa da shi rigakafin Ervebo, wanda aka amince da shi a 2019, a kuma sa musu ido har kwana 21.